Rahoto Mai Ƙafa Huɗu

A garinmu Lorna, can arewacin Nevada, akwai wani mutum ana ce masa Burl Hatcher. In ka zo shagon Opal shan kofi da safe, muryarsa za ka fara ji tun ba ka kashe mota ba. Asalinsa ba makiyayi ba ne. Rabin rayuwarsa kiran gwanjo ya yi a Elko, yana sayar da tsofaffin taraktoci da kujerun mamata, har Allah ya haɗa shi da Noreen, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gona da garke da izinin kiwo a dutsen Gance. Kashegarin ɗaurin aure Burl ya sayi hula mai faɗin faifai da takalmi mai tsini, daga ranar kuma duk maganar da zai yi sai ya fara da “mu masu shanu”.

Gida uku ne muke kiwo a dutsen nan: ni Merle, da tsoho Ysidro Arriaga, da Noreen. Ƙasar ta gwamnati ce, saboda haka kowace kaka in an sauko da dabbobi sai kowa ya kai rahoto ofishin filaye: shanu nawa ka hau da su, wane kwari suka ci, yaushe suka shiga, yaushe suka fita. Takarda ce guda ɗaya, Noreen takan gama cika ta kafin kofinta ya huce. Amma wanda wa'adi ya cika shanunsa suna sama, ko ya rubuta abin da ba shi ne ba, to izininsa ya taɓu. Gona kuwa a wajenmu in babu izini, sai dai mutum ya koma kiwon ƙadangaru.

A waccan shekara 'yar Noreen ta haihu a Boise, haihuwar ta zo da gardama, dole uwa ta tafi. Ina tsaye ta ce masa, ƙafarta ɗaya a cikin mota, “Burl, kada ka taɓa komai. Shanuna suna kwarin Tanner, wa'adinsu ranar Litinin. Merle da Ysidro za su zo su fito da su, kai dai ka bi bayansu. Abin da suka ce, shi za ka yi.”

Ya ce, “Haba uwargida, je ki ki ga jikanki hankali kwance. Mutumin da ya taɓa sayar wa bakanike tarakta marar inji, shi shanu za su gagara?”

Ko kwanar gari ba ta sha ba sai ga shi a shagon Opal. Ya bugi tebur har cokula suka yi tsalle.

“Bana za ku ga rahoto! Takarda? Kowane maƙaryaci yana iya cika takarda. Ni nawa rahoton sai an yi zancensa har Washington.”

Ysidro, wanda tun yana ɗan ƙarami yake bin wutsiyar shanu, ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, “Kai ɗin da ka yaba bijimina, ka ce karsana ce mai kyau?”

“Ta gaba na gan shi, baba.”

“Da ka zagaya baya kuma ka ce nono ya fara sauka.”

Opal ta yi dariya har ta zuba mini kofi a kan ƙwai. Burl bai ji ko ɗar ba.

“Ku yi ta dariya. Kowace saniya zan rubuta mata lamba a gadon baya, ƙatuwa, yadda ko daga jirgin sama hukuma za ta karanta. Ɗaya, biyu, uku, har ta ƙarshe. Sauran shirin ba na faɗa a nan, akwai ɓarayin basira.”

Na ce, “Ai suna da lamba a kunne, maƙwabci, ga kuma lalas, tambarin wuta, a cinya.”

“Wa zai tsaya leƙen kunnen saniya a wannan zamani?”

Ban san inda ya samo shi ba, amma kafin yamma ya dawo da durom guda na fentin titi, ruwan ɗorawa, irin wanda ake ja layi da shi a kwalta, wanda in haske ya doke shi sai ya yi ta walƙiya. Da safe ya ɗaura wa dokin Noreen sirdi, ya rataya masa bokiti biyu cike taf, ɗaya hagu ɗaya dama, babu murfi. Dokin nan tsoho ne mai hankali, yara ma suna hawansa, amma bai taɓa jin abu mai sanyi yana bin cikinsa yana gangarowa ƙafa ba. Da tsakar rana matata ta kira ni bakin taga. Ga doki ya dawo shi kaɗai, daga wuya zuwa kofato ya zama ruwan ɗorawa, ya tsaya a ƙofarmu maimakon tasu, kamar mai kawo ƙara. Can da la'asar sai ga Burl a ƙasa, yana ɗingishi, rabin gashin bakinsa ya rine, tabaransa a hannu ya rabu biyu.

Na ce, “Sannu. Kayar da kai ya yi?”

“Sauka na yi da sauri.”

“Tabarau fa?”

Ya wurga shi cikin ciyawa. “Dama don farin cikin likita nake sa shi. Idona na shaho ne. Daga nan ina ganin karenka kwance a ƙofar rumbu.”

Tayar mota ce.

Ranar Litinin muka zo da dawakanmu, ni da Ysidro, kamar yadda aka yi da Noreen. Muka tarar da Burl yana ɗaure tsohuwar lasifikar gwanjonsa a kan a-kori-kura.

“Kun makara, dattawa. Aikin Tanner an gama.”

Ysidro ya ce, “Kai kaɗai?”

“Ni da muryata. Jiya na hau kan tudu na kira su da lasifika. Yau da asuba na je tankin ruwa, ga su nan duk sun fito, suna jirana. Dabba ta san mai ita.”

Muka dubi juna. Abin bai kwanta mana ba, amma mutum ya dafa ƙirji ya rantse ya gan su da idonsa, ga mu kuma da namu aikin shinge yana jiran mu, namu wa'adin sai ƙarshen mako. Muka juya.

Bayan kwana biyu na kasa haƙuri, na hau in gani. Tun daga nesa na hango abin mamaki. Burl ya hau can ƙolin tsanin tanki, ya ɗaura tsumman goge ɗaki a bakin doguwar sanda, duk saniyar da ta sunkuya shan ruwa sai ya tsoma ya miƙo ya zana mata lamba. Shanunmu duka baƙaƙe ne, gashin sanyi kuma ya fara rufe lalas, to ga su nan ko'ina a fili suna yawo da manyan lambobi kamar motocin tsere.

Na ce, “Burl, waccan da ka sa wa sha bakwai ai ta Ysidro ce.”

“Hassada ke nan. Wannan ai Maggie ce, da hannuna nake ba ta tuffa.”

“Wannan kuma tawa ce. Dubi kunnenta.”

“Merle, ni fuska nake dubawa, ba kunne ba.”

Na nuna masa wata. “To waccan shida ce ko tara?”

Ya ƙanƙance ido. “In ka tsaya ta wajen kai, tara ce. In ta wajen wutsiya, shida.”

“To a rahoto wacce ce?”

“Ya danganta da inda hukuma ta tsaya.”

Ga shi fentin ba ya bushewa da wuri a jikin gashi. Mai lamba ta goga jikinta da marar lamba, marar lamba ta tashi da rabin lamba, Burl ya hango ta ya ce an riga an yi mata, ya tsallake. Wata kuwa mai yawan ƙishirwa ta zo sau uku, sau uku yana rubuta mata, har ta ƙare da lamba mai tsawon ta waya. Muna cikin haka sai alfadarin Ysidro, wanda ake sakinsa da garke, ya zo ya sa baki a ruwa. Burl ya tsoma tsumma.

“Kai, alfadari ne!”

“Saniya ce. Rama ce ta sa kunnenta ya fito.”

Ya miƙa sanda ya zana masa ɗari cif. Alfadari ya ɗago kai, ya kama tsumman da haƙori, ya fizga. Burl bai saki sanda ba, tsani ne ya saki. Sai ji na yi tsundum, ya faɗa cikin kwamin ruwa, bokiti ya biyo baya ya kife a kan hular nan mai faɗin faifai. Da na jawo shi, magana ta farko da ya yi ita ce, “Ka ga yadda na kare ruwan shansu? Ko ɗigo bai shiga ba.”

Na sauko na gaya wa Ysidro cewa namu ma ana ta yi musu lamba. Na zaci zai ɗauki bindiga. Tsoho ya shafa gwiwarsa ya ce, “Fenti yana rage nauyin nama?”

“A'a.”

“To rabu da shi. Tun da ya haɗe su da na Noreen a wuri ɗaya, ya rage mana hawa da sauka. Ranar Juma'a mu je mu ware namu.”

Ranar Juma'a da sassafe muka isa tanki. Babu saniya ko ɗaya. Sai sawun mota, da ciyawa a warwatse, da kashin shanu ya yi layi ya bi hanya. Muka bi. Muka zo mararrabar gonar Noreen, layi bai karkata ba. Muka zo tawa, bai karkata ba. Ya hau kwalta ya miƙe sak.

Ysidro ya cire hula ya riƙe a ƙirji. “Merle, gari ya nufa.”

“Yau kuwa kasuwar kabewa.”

Kasuwar kabewa sau ɗaya ake yin ta a shekara, a filin da ke tsakanin coci da ofishin filaye. Ana jera damman ciyawa don zama, mata su kawo gurasa da zuma da tuffa, 'yan makaranta su busa ƙaho, a auna kabewar kowa a ga wadda ta fi. A shekarar nan kowa ya san ta Opal ce za ta ci. Tun bazara take renonta, tana lulluɓa mata bargo in an yi sanyi, sai da ƙarti huɗu suka ɗora ta a kan tebur.

Mun iso daidai lokacin da Burl yake shiga filin. Yana gaba a a-kori-kura, ya cika bayanta da ciyawa, yana tafe a hankali, shanu na biye suna fizga, tun daga dutse haka ya jawo su. Lasifika kuwa tana ta amo.

“Jama'ar Lorna, a ba da hanya! Ga rahoto nan tafe da ƙafarsa! Ba a taɓa yi ba, ba za a ƙara ba! Hukuma ta fito ta karɓa!”

Sai dai ciyawar motar ta ƙare a daidai bakin fili. Shanu suka ɗaga kai, suka ga ga wata ciyawar an jera musu layi-layi, mutane kawai ne a zaune a kai. Ba su tsaya neman izini ba. Matar fasto tana zaune aka janye dami daga ƙarƙashinta. Masu busa ƙaho suka watse, mai babban ganga ya haye motar kashe gobara da gangarsa. Saniya mai lambar waya ta sa kai cikin rumfar zuma ta fito da rumfar a wuya. Alfadari kuwa bai kula kowa ba, ya wuce kai tsaye wajen teburin Opal, ya dubi kabewar nan, ya juya mata baya kamar ya fasa, sannan ya sakar mata ƙafa biyu. Ta dare gida huɗu, shanu suka rufa mata.

Jami'ar da ke kula da dutsenmu, Corinne Madsen, ta fito daga ofis da kofi a hannu. Yarinya ce mai haƙuri, ita ma a cikin shanu ta tashi. Ta tsaya a kan matakala tana kallo, har wata karsana ta zo ta cinye furen da ke bakin ƙofa.

“Mista Hatcher, mene ne wannan?”

Burl ya haye kan mota, ya ɗaga abin da ya rage na hularsa. “Rahoton gidan Hatcher, ranki ya daɗe! Ba sai kin yarda da maganar kowa ba. Ga su nan, ƙirga da kanki.”

“Takarda nake karɓa. Ina zan ajiye waɗannan, a durowa?”

“Takarda tana ƙarya, saniya ba ta yi! Bari in taya ki.” Sai ya juye muryar gwanjo. “Ga ɗaya, ga ɗaya, wa ya ga biyu, biyu tana bayan coci, uku, uku, ina uku, ga huɗu ta shiga shagon aski, biyar, shida, ga shida...”

Wani daga kan motar kashe gobara ya yi ihu, “Tara ce!”

“Zagayo ta nan ka gani!”

Corinne ta ce, “Na ga arba'in da ɗaya har guda uku.”

“'Yan uku ne.”

“Ɗari kuma alfadari ne.”

“Ke ma sun gaya miki haka?”

Ta sauko, ta kama kunnen wata ta duba, ta shafa cinyar wata. Kafin ta yi magana Ysidro ya matso, ya kama hannun Burl ya girgiza da hannu biyu.

“Allah ya yi maka albarka, ɗana. Shekara hamsin ina sauko da shanuna daga dutsen nan, ban taɓa samun wanda ya yi mini kyauta ba. Sai dai ka wuce gidan da mil tara.”

Ana cikin dariya sai wata ƙaramar mota ta tsaya a bakin fili. Noreen ce, surukinta ya kawo ta. Matata ce ta buga mata waya tun ranar da doki ya kawo ƙara. Ba ta ce wa kowa sannu ba. Ta ajiye jaka a kwalta, ta shiga cikin garke da takalmin unguwa, tana duba wannan tana ture waccan, ta bi har bayan coci, ta leƙa shagon aski. Fili ya yi tsit, ba ka jin komai sai taunar kabewa. Ta dawo ta tsaya a gaban mota.

“Burl.”

“Uwargida, sannu da hanya! Yaya mai jego? Kin ga abin da na...”

“Ina shanuna?”

Ya buɗe hannuwa. “Ga su nan kuwa! Ga Maggie ma.”

“Maggie ta mutu bara. Kai ka ci rabinta.”

Lasifikar a kunne take, duk gari ya ji.

“Babu tawa ko ɗaya a nan. Na Ysidro ne da na Merle. Ka je Tanner kuwa?”

“Na kira su daga kan tudu.”

“Ka buɗe musu ƙofa?”

Burl ya saki baki. Tun da na san shi ban taɓa ganin bakinsa a buɗe babu magana a ciki ba sai ranar. Can ya ce, a hankali, “Akwai ƙofa?”

A nan ne Opal ta iso da wani ɓangare na kabewarta, mai girman kwanon wanki, ta kifa masa a kai. Ba wanda ya hana ta, har fasto.

Sai da muka sha wuya kafin muka tattara namu muka zuba su a garken kasuwar dabbobi. Daga nan aka ɗunguma zuwa Tanner: Corinne a motar ofis, Noreen a tawa, rabin gari a baya don kada a ba su labari. Burl shi kaɗai a tasa, 'ya'yan kabewa a kunne.

Tun kafin mu sha kwanar ƙarshe muka ji kukansu. Ga shanun Noreen gaba ɗaya, sun san lokacin sauka ya yi, sun zo sun yi layi a jikin shinge tun ranar wa'adi. Sun cinye ciyawar bakin ƙofa har ƙasa, sun tattake gefen rafi ya zama taɓo. Corinne ta zagaya ta ɗauki hotuna, ta dawo fuskarta ba daɗi.

Ta ce wa Noreen, “Inna, ba zan rubuta abin da ban gani ba, kuma ba zan ɓoye abin da na gani ba. Izininki yana nan, tun da ba ki taɓa saɓawa ba. Amma baɗi sai bakin kwarin nan ya huta, shigarki za ta yi jinkiri.”

Noreen ta gyaɗa kai. Duk wanda ke wurin ya san abin da wannan yake nufi: ciyar da garke a gida har tsakiyar bazara. Ta dubi shanunta, mijinta na fari ne ya tara iyayensu ɗaya bayan ɗaya, na ga idonta ya kawo ruwa. Kowa ya sunkuyar da kai.

Ban da Burl. Ya gyara murya.

“Amma fa jama'a a faɗi gaskiya. Kun taɓa ganin dabbobi masu tarbiyya irin nawa? Kwana da kwanaki a layi, babu wadda ta tsallake shinge, suna jiran hukuma!”

Noreen ta juyo. “Naka?”

“Namu.”

Ta ci gaba da kallonsa.

“Naki, uwargida.”

“To je ka buɗe musu.”

Ysidro ya ce, “Ka tsaya ta gefe, ɗana, ka ja ta wajenka.”

“Baba, ƙofa kuma sai an koya mini?”

Ya taka ya tsaya a tsakiyar hanya daidai, ya zare sarƙa, ya ɗaga hannu zai yi jawabi. Shanu masu yunwa suka turo gaba ɗaya. Ban san yadda mutum mai irin tumbinsa ya yi ba, amma kafin ƙiftawar ido yana can bisa turken ƙofa, ya rungume shi hannu da ƙafa, garke na wucewa ta ƙarƙashinsa, kowacce ta zo sai ta bangaji turken ya yi lilo.

Noreen ta karɓi takardar rahoto a hannun Corinne, ta ɗora a kan motata, ta fara cikawa tana ƙirga shanunta suna fita. Daga saman turke muryar Burl ta keto, ko lasifika babu.

“Noreen! Ki rubuta a ciki ni na fito da su! Da hannuna!”

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, “Zan rubuta. Ita ce gaskiya ta farko da ka faɗa bana.”